Hutun Haihuwa da na Jinya a Lokacin Tsuke Bakin Aljihu

Idan tattalin arziki ya shiga matsi, abin da gwamnati da kamfanoni kan fara taɓawa shi ne kuɗin mai jego da na marar lafiya, domin su ne ba su da ƙarfin fitowa zanga-zanga. A Birtaniya, a 2011 aka soke tallafin fam 190 da ake bai wa masu juna biyu. A Najeriya kuwa, tun cire tallafin man fetur a 2023, tsadar rayuwa ke cinye albashin tun kafin a zaftare shi.

'Yar'uwa mai aiki, ki san haƙƙinki. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba ki mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan kin yi wata shida kina aikin, kuma ba a korar ki kina cikin wannan hutu. Sai dai fa takardar likita ce madogararki. Ki karɓe ta da wuri, ki miƙa buƙatarki a rubuce, ki ajiye kwafi a gida, ba a ofis ba. Alkawarin baki na manaja yana da wuyar tabbatarwa a kotu.

Marar lafiya ma yana da hutun kwanakin aiki 12 a shekara da albashinsa, in likita ya shaida. Manyan ma'aikata kuma su duba takardar ɗaukarsu aiki, don ba kowa dokar ta shafa ba. In an danne ku, ku fara da ƙungiyar ƙwadago kafin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.