Za Ka Kai Yara Wajen Kiɗa a Damina? Ga Abin Yi, Ga Abin Bari

Kaduna ta san taro. A nan aka yi hawan daba na bikin FESTAC a 1977, kuma daga gidan Rediyon Kaduna muryar Mamman Shata da kuntigin Ɗanmaraya Jos suka shiga ƙauyukan Arewa lungu-lungu. Amma ƙananan taruka nake nufi yau, irin waɗanda ake haɗawa a Gamji a bakin kogi, ko a wani ɓangare na Dandalin Murtala, ko a filin wata makaranta a Malali ko Unguwar Rimi, lokacin Sallah ko dogon hutun Agusta. A kafa dandamali, a jera kujerun roba, a ce kowa ya zo da iyalinsa. Ina ƙaunar irin wannan taro, ina kuma so ya ɗore, don yaran garin nan ba su da wuraren shaƙatawa da yawa. Saboda haka ba zan sassauta ba. Duk wanda ya riƙo hannun yaro ya shigo da shi cikin jama'a, gadi ya zo yi. Kallon na yaran ne.

Kada ka fita daga gida sai ka san wanda ya shirya wasan da irin mawaƙan da aka gayyato. Rubuta "na iyali" a jikin fosta ba ya tsarkake baitin da za a rera. Ka tambayi ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a tashi, akwai wurin salla da banɗaki, akwai 'yan agaji. In babu mai ba ka amsa, ka zauna a gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada ka kwaso yaran da suka fi ƙarfin idonka. Babba ɗaya, ƙanana biyu, iyaka uku. Maƙwabciya za ta leƙo ta katanga ta ce, "Baban Abba, don Allah a tafi da su Ummi." In hannunka ya cika, ka ba ta haƙuri. Ɓacin ranta na yini ɗaya ne. Kada kuma ki ɗora wa 'yar shekara goma rainon ƙannenta a cikin taro, Hajiya. Ita ma yarinya ce, idonta na kan dandamali.

Kafin ku shiga, ka tsayar da su a bakin ƙofa ka ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa a ranar. Ka rubuta lambar wayarka da biro a takarda, ka naɗe ta a 'yar leda, ka sa a aljihunsa. Wanda ba shi da aljihu ka rubuta masa a damtse. Ka tabbatar ƙaramin ya san sunanka na yanka da sunan unguwarku, domin yaron da ya ɓace, in aka tambaye shi ɗan wane ne, "Baba" kawai zai ce yana kuka, alhali rabin mazan filin Baba ne. Ka nuna musu wuri guda da ba ya motsi, kamar teburin masu tikiti, ka ce nan za a haɗu. In yaro ya ɓace, kada ka ɓata minti goma kana zagaye kai kaɗai saboda kunya. Ka je wajen mai riƙe da makirfo a yi sanarwa nan take, wani kuma ya tsaya a bakin ƙofar fita.

Maganar ƙofa ita ce mafi nauyi, kuma ita aka fi rainawa. A watan Disambar 2024, a Ibadan, an shirya wa yara wasa a filin wata makaranta, aka yi alkawarin raba kuɗi da abinci. Yara 35 suka mutu a turmutsutsu. Taron yara ne, iyaye ne suka kai su da hannunsu. Don haka in ka iso ka tarar ana dannawa a ƙofa guda, kada ka kutsa. Ka ja da baya ka jira, ko ka juya gida. In kun shiga, abu na farko ka duba ta ina za a fita banda inda aka shigo. In ka ji an ce za a raba kyauta, ko mawaƙi ya fara watsa riguna da kuɗi daga kan dandamali, ka riƙe yaranka a wuyan hannu, ku yi gefe. In kuma cinkoso ya rutsa da ku, ka ɗaga ƙaramin sama, ka kare ƙirjinka da hannu, ka bi jama'a kana zamewa gefe sannu a hankali. Kada ka tsaya ja da taro. Kada ka sunkuya ɗaukar takalmi ko waya, ko da jiya ka saye ta. Wanda ya faɗi a irin wannan hali da wuya ya tashi.

Kada ka zauna da yara a gaban lasifika. Ina ganin mace da goyo ta tsaya daf da waɗannan manyan akwatuna, har zanin goyon yana karkarwa da bugun ganga, ta ce ai barci yake yi. Barcin ba ya kare masa kunne. Ƙara mai tsanani tana kashe ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, kuma waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa kada ƙarar wuraren wasa ta wuce ma'aunin desibel 100, wannan ma ga manya, kuma na ɗan lokaci. Kai ba ka da na'urar awo, to ga gwaji: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, wurin ya yi wa yaro ƙara. Ku koma baya. Kada ka tura masa auduga ka ɗauka ka gama. Auduga ba ta tare komai. In kun koma gida yaro ya ce kunnensa na ƙugi, kuma abin ya kwana, Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa tana nan cikin Kaduna. Ka kai shi. Kada ka ɗiga masa man ja ko ruwan albasa.

Damina kuwa ba ta neman izinin mai shirya wasa. A Yuli da Agusta hadari kan taso daga gabas da la'asar, iska ta riga shi isowa, ta ɗaga rumfuna ta kifar da kujeru. Da ka ga gabas ta yi baƙi, ka tattara yara tun kafin ɗigon farko. Kada ku fake a gindin itace, ko da kuwa manyan itatuwan Gamji ne, kada ku fake a ƙarƙashin rumfa mai ƙafafun ƙarfe, kada ku raɓi dandamali. Tsawa tana bin abu mai tsawo. Gini mai rufi ko mota mai ƙofofi a rufe su ne mafaka. Keke napep ba ya ciki. Ku dakata rabin awa bayan tsawa ta ƙarshe kafin ku fito. Ka kuma sa ido a ƙasa: wayoyin da aka jawo daga janareta zuwa dandamali sau da yawa kwance suke a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, an haɗa su an ɗaure da baƙar leda. Kada yaro ya yi yawo ba takalmi, kada ya taɓa ƙarfen shinge bayan ruwa.

Kada ka bar yaro ya gangara bakin kogi, ko da ɗaukar hoto ne. Kogin Kaduna na Agusta da Satumba ba shi ne na rani ba, lokacin da duwatsu ke fitowa fili. Ruwan ja ne, mai gudu, gaɓa kuma da santsi. Mutanen Kabala sun san yadda yake hawa cikin dare ɗaya. Gadar Lugard da ke cikin Gamji, wadda aka gina a Zungeru a 1904 aka dawo da ita Kaduna a 1954, kayan tarihi ce. Ka kai su su gani, ka ba su labarinta, ka hana su lilo a jikin ƙarfenta.

Ka zo da ruwan shanka, da tabarma, da lema, da riga mai dogon hannu saboda sauron yamma. Damina lokacin amai da gudawa ne. Masara da aka gasa a gabanka da tsire mai zafi ba laifi. Zoɓo da kunun aya da ba ka san ruwan da aka haɗa su da shi ba, ka bar su. A wanke hannu kafin a ci.

Yanzu ga hakkin mawaƙi. Ka sayi tikiti. Kada ka tsaya a ƙofa kana kiran wani ɗan uwa ya shigar da ku kyauta, kai da ka zo a mota. Mai kalangu da 'yan amshi da wanda ya yi hayar janareta duk daga wannan kuɗi za su ci. In waƙa ta ratsa ka, ka yi kyauta, haka muka gada, amma ka miƙa a hannu, ko a ambulan, ko ka tura ta waya. Kada ka yi liƙi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta watsa naira da tattaka ta, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 kotu a Legas ta ɗaure wani fitacce wata shida a kan haka. Ko babu doka, kuɗin da ya zuba ƙasa yara ne ke rububinsa a ƙarƙashin ƙafafun manya. Kada ka hau dandamali ba a kira ka ba. Kada ka yi wa ƙaramin mawaƙi ihu don kana ɗokin fitowar babba. Kowane gwani da ka sani ta nan ya faro.

Kada ka ɗauki bidiyon matan mutane da 'ya'yansu suna rawa ka sa a TikTok ko Facebook. Haka ake kashe aure, haka ake sa maigida ya rantse iyalinsa ba za su sake zuwa ba. Samari, ku bar layin mata, ku bar shisha da ƙwaya a inda kuka samo su. Filin nan akwai 'yan shekara biyar.

Akwai kuma abin da ya shafi Kaduna ita kaɗai. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogi ya raba mu, kowa ya koma ɓangaren da yake jin zai yi barci da ido biyu rufe. Iyalin da suka haye gada daga Barnawa ko Sabon Tasha suka zo wasa a arewacin gari, baƙinmu ne, sun kuma yi ƙoƙari. In masu rawar Bajju ko Gbagyi suka hau dandamali, ka tafa musu kamar yadda ka tafa wa mai kalangu. Kada ka yi gatse, kada ka yi habaicin addini ko na jam'iyya, kada ka bari ɗanka ya ji ka kira wani da sunan raini. Faɗa ɗaya ya isa a hana irin wannan taro shekara da shekaru.

Lokacin salla ya yi, ka tashi ka yi, ka bar yaran a hannun babba da ka sani. Kada ka rufe hanya da motarka. Ledar ruwa da totuwar masara ka tafi da su, ko ka sa a kwandon shara. Su ne ke toshe magudanar da ke maido mana ambaliya.

Kada ka jira waƙar ƙarshe. Ka fita da yara tun da sauran haske, kafin jama'a su yi ca a ƙofa, kafin masu keke su ninka kuɗi, kafin masu ƙwacen waya su fito. Ka sa wayarka a aljihun gaba, da caji a cikinta, ka kuma riƙe lambar gaggawa 112. Ka ƙirga yaran a bakin ƙofa, ka sake ƙirga su a cikin mota. In akwai ɗan maƙwabta a cikinsu, kada ka sauke shi a bakin layi ka ce ya ƙarasa. Ka yi sallama, ka shiga da shi, ka damƙa shi a hannun uwarsa.