Darasin Manoma: Mu San Shimfiɗar Ƙasarmu

'Yan'uwa manoma, kafin mu karɓi rancen iri da taki, ya kamata mu san irin ƙasar da za mu zuba su. Ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo kashi uku ce.

1. Jigawa. Ita ce ƙasar tudu mai yashi. Ruwa ba ya daɗewa a cikinta, daminarmu kuwa gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba. Gero da wake ne suka dace da ita. Tana son takin gargajiya kowace shekara.

2. Gangare. Tsakanin tudu da gulbi akwai fako da marmara. A nan ruwan sama yake gudu, ya yanka kwazazzabo, ya kwashe yashi ya zuba kan fadama. Idan muka yi kunya a gicciye, muka dasa gamba, mun tare shi.

3. Fadama. Gulbin Rima ya bi ta Goronyo da Wurno, Gulbin Sakkwato kuma ta Rabah, suka haɗu kusa da birnin Sakkwato. Lakar da suke kawowa ita ce arzikinmu: shinkafa da damina, albasa da tafarnuwa da alkama da rani.

Amma fadamar yau ba ta kakanninmu ba ce. A da, gulbi yakan cika ya janye a kan lokacinsa. An gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo a 1984. Tun daga nan cikar gulbi ta dogara ga buɗe ƙofofin dam, ba ga ruwan sama kaɗai ba. Wasu fadamun da suke shan ruwa kowace shekara sun daina samu. A Satumban 2010 kuwa ruwa ya wuce iyaka, ya cinye gonaki da gidaje a Goronyo da Wurno.

Saboda haka kada ƙungiya ta zuba duk rancenta a fadama. Mu raba, wani a tudu, wani a fadama. In ɗaya ta ƙi, ɗaya ta biya bashi.

Aikin wannan mako
(a) Mu zaga gonakinmu tare da dattawa, su nuna mana inda ruwan 2010 ya tsaya, mu kafa turke.
(b) Sakatare ya rubuta gonakin da suke ƙasa da turken.
(c) Mu zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa kawo mana labarin buɗe dam.