Ƙanzon Tukunyar Tururi: Yadda Yake Taruwa da Yadda Ake Hana Shi

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu. A gundumomi da yawa yanzu akwai masana'antun da ke aiki da tururi, kamar injinan turara shinkafa, da na matsar man gyada, da masaƙu, da majemu, da ɗakunan wanki na manyan asibitoci. Duk inda ake aiki da tururi akwai tukunyar da ke dafa ruwa, wadda ma'aikata ke kira boila. Hakimi ba injiniya ba ne, ba kuwa a ce ya zama ba. Amma ran da tukunya ta fashe, talakawansa ne za su ƙone, ƙofarsa kuma za a fara kai kuka. Saboda haka ya kamata ya san ciwon da ya fi kashe waɗannan tukwane, da tambayoyin da zai yi ya gane ko ana kula da su.

Yadda Tukunyar Take

Irin da ta fi yawa a ƙananan masana'antu ita ce mai wuta a cikin bututu. Wata babbar ganga ce ta ƙarfe a kwance, an ratsa bututai da yawa ta cikinta. Wuta da hayaƙi mai zafi suna bi ta cikin bututan, ruwa kuwa yana kewaye da su ta waje. Zafi yana ratsa ƙarfen ya shiga ruwa, ruwa ya tafasa, tururi ya taru a sama, a ja shi zuwa wurin aiki. Irin wannan tukunya ce ke jikin kan jirgin ƙasa mai kwal, wanda ya fara isa Kano a 1911.

Abin da za a riƙe a nan shi ne, ruwan da ake dafawa shi ne kuma yake kāre ƙarfen. Harshen wuta ya fi digiri 1,000 zafi, amma muddin ruwa na taɓa bututu, yana kwashe zafin nan take, ƙarfen ba zai ɗara ruwan zafi ba sai kaɗan. Kowace uwargida ta san haka: tukunyar da ke da ruwa ba ta ƙonewa, sai wadda ta ƙafe.

Mene Ne Ƙanzon Ruwa?

Wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar shayi zai ga wani farin abu ya manne a gindinta, mai tauri kamar siminti. Ga kama ya yi daidai da ƙanzon tuwo, shi ya sa muka ba shi wannan suna, amma asalinsa dutse ne. Ruwan sama in ya nutse cikin ƙasa yakan narkar da ɗan abin da ya tarar a duwatsu, musamman sinadarai biyu, kalsiyam da magniziyam, waɗanda ke cikin farar ƙasa. Ido ba ya ganinsu, ruwan yana nan garau. Da an dafa shi, tururi ya tashi shi kaɗai, dutsen da ya narke ya koma dutse, ya manne a inda ƙarfe ya fi zafi.

Ƙanzo iri-iri ne. Na farar ƙasa yana da ɗan taushi, yana kankaruwa. Akwai wanda ya fi shi tauri, mai sinadarin salfet. Mafi sharri shi ne na silika, watau sinadarin yashi, wanda yakan yi sumul kamar tangaran, ko da siriri ne yana tare zafi ƙwarai.

Ruwan wurare ya bambanta. Inda farar ƙasa ta yi yawa, kamar Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a ƙasar Gombe, da Malbaza a Nijar, wuraren da aka kafa masana'antun siminti saboda dutsen, sai a sa ran ruwan rijiya ya ɗauko ta. Ruwan kogi kuma da damina laka yake kawowa. Kada a ruɗu da hasken ruwan rijiyar burtsatse. Yana iya zama mai kyau ga sha, ya zama mugu ga tukunya. Alamar farko ita ce sabulu: ruwan da sabulu ba ya kumfa da sauri a cikinsa, yana barin wani dusa-dusa a bokiti, to, yana ɗauke da farar ƙasa.

Ga lissafin da malami zai iya yi da kansa. A ce kowace lita ta ruwan rijiya tana ɗauke da miligiram 200 na farar ƙasa, tukunya kuwa tana shan lita 1,000 a sa'a, tana aiki sa'a 10 a yini. Ruwa lita 10,000 ke nan, dutse kilo 2 kowace rana. A kwana 30 ya zama kilo 60, watau ya ɗara buhun siminti guda. In ba a tare shi a waje ba, ba a kuma fitar da shi ba, yawancinsa a jikin bututai zai kwana.

Ɓarnar da Yake Yi

Ta farko, hasarar makamashi. Ƙarfe ya fi ƙanzo saurin wuce da zafi fiye da sau goma. In ƙanzo ya shiga tsakanin ƙarfe da ruwa, zafin da ya kamata ya dafa ruwa sai ya bi hayaƙi ya fita. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa ƙanzon farar ƙasa mai kaurin milimita 0.8, wanda bai fi kaurin farce ba da yawa, yana cinye kashi 2 cikin 100 na abin da ake ƙonawa. In na silika ne haɗe da tsatsar ƙarfe, hasarar takan kai kashi 7. Mai injin zai ga itace ko buntun shinkafa ko man dizal yana ƙarewa da wuri, tururi kuma ya yi rauni, ya ɗora wa mai hura wuta laifin da ba nasa ba.

Ta biyu, lalacewar ƙarfe. Tun da ruwa ya daina taɓa shi, bututu sai ya yi ta ɗaukar zafi. Ƙarfen tukunya in ya haura digiri 450 yakan fara rasa ƙarfinsa. Daga nan ya kumbura, ko ya lotsa, ko bakin bututu ya tsage a inda aka haɗa shi da farantin goshin tukunya, ruwa ya fara ɗiga cikin murhu. Ƙarƙashin ƙanzo kuma tsatsa takan ɓuya tana cin ƙarfe ba mai gani.

Ta uku, fashewa. A tukunyar girki ruwa yana tafasa a digiri 100. A rufaffiyar tukunya mai matsin ba 10, kamar yadda agogonta ke nunawa, zafin ruwan yakan kai digiri 184, matsin ne kaɗai ya hana shi zama tururi. Da ƙarfe ya yage, matsi ya tafi, wani kashi na ruwan ya rikiɗa tururi cikin ƙiftawar ido. Lita guda ta ruwa kuwa tana zama kamar lita 1,700 ta tururi. Tun da irin wannan tukunya tana riƙe ruwa mai yawa, fashewarta tana rushe gini.

An ga misalin wannan a Amurka ran 27 ga Afrilu 1865, sa'ad da tukwanen wani jirgin ruwa mai suna Sultana suka fashe a kogin Misisifi kusa da birnin Memfis, mutum fiye da 1,000 suka hallaka. Tukwanen masu wuta a cikin bututu ne, ana shayar da su ruwan kogi mai laka, lakar tana taruwa tsakanin bututai. An kuma yi wa ɗaya daga cikinsu facin gaggawa kwanaki kaɗan kafin haɗarin, jirgin ga shi ya ɗauki mutane fiye da kima.

Hanyoyin Rigakafi

1. A auna ruwa. Kafin a sa tukunya aiki, a kai ruwan rijiyar ɗakin awo a san yawan farar ƙasa da silika da ƙarfen da ke cikinsa. A sake awo da rani da damina, da kuma duk lokacin da aka sauya rijiya.

2. A kwantar da laka. Ruwan kogi ko na tafki sai a tara shi a tanki, a sa masa alam, a bar shi ya kwanta, sa'an nan a tace da yashi. Amma a sani wannan laka kaɗai yake cirewa, ba ya taɓa farar ƙasar da ta narke.

3. A tausasa ruwa. Akwai na'urar da aka yi domin wannan, wata 'yar tukunya ce cike da ƙananan ƙwayoyi masu kama da ƙwan kifi. Ruwa in ya bi ta cikinsu sai su kama kalsiyam da magniziyam. In sun ƙoshi, a wanke su da ruwan gishiri, su koma aiki. A nan ne aka fi yin sakaci: gishiri ya ƙare, ba a saya ba, na'ura tana nan tsaye kamar tana aiki alhali ruwa yana wucewa yadda ya shigo. Tilas a gwada ruwan da ke fita daga cikinta kowace rana da ɗan maganin gwaji mai sauya launi. Ita ma ba ta cire silika, inda ya yi yawa sai an nemi shawarar masani.

4. A sa magani da awo. Ɗan abin da ya kuɓuce wa na'ura ana kama shi da magani irin su fosfet, wanda ke mai da shi laka mai taushi ta kwanta a ƙasa maimakon ta manne. Masani ne zai yanka yawansa. Kada a yarda ma'aikaci ya zuba kanwar kasuwa da ka. Tana da yashi da gishiri, tana sa ruwan tukunya kumfa, kumfar ta bi tururi ta ɓata kaya.

5. A riƙa busar da tukunya. A ƙasanta akwai bawul na fitar da laka. A buɗe shi na 'yan daƙiƙoƙi a rufe, aƙalla sau ɗaya kowace rana, ido yana kan gilashin da ke nuna tsayin ruwa. Buɗewa gajera mai ƙarfi ta fi doguwa amfani, don doguwa ruwan zafi kawai take zubarwa. Ruwan da ke fita yana ƙuna, lalle a kai shi rufaffen rami, ba kwatar da yara ke wasa ba.

6. A mai da ruwan tururi. Tururin da ya gama aiki ya koma ruwa ba shi da farar ƙasa ko kaɗan, ga shi da zafi. In bai gauraya da mai ko dauɗa ba, a mai da shi tankin shayar da tukunya.

7. A duba zafin hayaƙi. A sa ma'aunin zafi a gindin bututun hayaƙi, a rubuta abin da ya nuna ran da tukunya take da tsabta. In ya riƙa hawa alhali aiki bai ƙaru ba, a share toka da kunkunniya daga cikin bututai. In bai sauko ba bayan shara, ƙanzo ne ta gefen ruwa. Kowane ƙarin digiri 22 daidai yake da hasarar kashi 1 cikin 100 na makamashi.

In Ƙanzo Ya Riga Ya Kama

Busarwa ba ta cire wanda ya manne. Sai an kashe wuta, tukunya ta huce a hankali, a buɗe ƙofofin dubawa, a wanke. Ma'aikatan reluwe na zamanin kwal suna da ranar wankin tukunya a ƙa'ide, ba sa jira sai ta yi ciwo. Ƙanzo mai tauri ana narkar da shi da asid na musamman wanda aka haɗa da maganin da ke hana shi cin ƙarfe, aikin ƙwararru ne. Ruwan batir da guduma da kurfi duk suna rage wa tukunya kwana.

Akwai wani haɗari da ba kowa ya sani ba. In aka fara ba tsohuwar tukunya tausasan ruwa da magani ba tare da an wanke ta ba, tsohon ƙanzo yakan ɓamɓaro falle-falle, ya taru a kan babban bututun wuta, wurin ya ƙone. Saboda haka wanki ne farko, sa'an nan a sake buɗe ta bayan 'yan makonni a kwashe abin da ya zubo.

Har wa yau, in ruwa ya ɓace daga gilashi, kada a kuskura a tura ruwan sanyi kan jan ƙarfe. A kashe wuta, kowa ya ja da baya, a kira injiniya.

Aikin Hakimi da Malaminsa

Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta wajabta cewa mai duba tukwane wanda hukuma ta amince da shi ya binciki kowace tukunyar tururi aƙalla sau ɗaya cikin wata 14, da kuma bayan kowane babban gyara. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke da alhakin wannan doka. Hakimi ba ya rufe masana'anta, amma yana da ikon nasiha da kai rahoto, maganarsa kuwa tana da nauyi wurin masu dukiya.

Ya kamata malamin hakimi ya buɗe shafi a littafinsa, ya rubuta kowace tukunya da ke gunduma, da inda take, da nisanta daga gidaje ko makaranta ko kasuwa. In an fita rangadi, ga abin da zai tambaya:

Daga ina ake ɗebo ruwan tukunya, yaushe aka auna shi?
Ina na'urar tausasa ruwa, ina kuma buhunan gishirinta?
Ina littafin da mai hura wuta ke rubuta busarwa da gwajin ruwa na kullum?
Yaushe aka buɗe tukunya aka duba cikinta, me aka tarar?
Ina takardar shaidar mai dubawa, wace rana ke kanta?

Wanda ke kula da tukunyarsa zai amsa waɗannan ba tare da inda-inda ba, ya ɗauko littafi ya nuna. In aka tarar ba gishiri, ba littafi, ba takarda, ko aka ga farin abu ya daskare a bakin bawul, ko ruwa na ɗiga daga murhu, sai hakimi ya kira mai wurin ya yi masa nasiha, ya sa masa rana. In rana ta zo bai gyara ba, a rubuta wa ofishin ƙwadago na jiha, a aika wa majalisar sarki kwafi.

A tuna wa masu injin cewa kuɗin buhun gishiri da kwalbar gwaji ba su kai kuɗin bututu guda ba, balle a yi maganar ran ɗan wani da ya zo neman abinci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya kiyaye mu da talakawanmu, amin.