Ƙa'idojin Tsare Sirri a Intanet: Wayar da Kan Mai Salula

Jama'ar Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, yau salula ta shiga kusan kowane gida. Da ita manomin aya ke jin farashin Maraɗi, da ita ɗan ci-rani ke aiko da saƙo daga Kano ko Agadas. Amma ku sani, duk shafin da mutum ya buɗe a intanet, wayarsa na tsegunta wani abu a kansa: irin wayar, harshen da aka saita ta, da yankin da take. Tun 1994 aka ƙago wata 'yar alama da ake kira kuki, wadda shafi ke ajiyewa cikin na'urarka don ya gane ka in ka dawo. Masu talla sun mai da ita abin bin sawu daga wannan shafi zuwa wancan.

Don haka masana suka tsara ƙa'idoji, wato yarjejeniya kan yadda na'ura za ta yi magana da na'ura. Kamar tiya ce a kasuwar Gazawa: ba ta da amfani sai mai saye da mai sayarwa sun yarda da ita. Sai dai ƙa'idojin nan iri biyu ne, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya natsu.

Iri na farko yana kulle saƙo da lissafi, ba ya jiran yardar kowa. In adireshin shafi ya fara da https, abin da ke tsakaninka da shafin a rufe yake. Kamfanin layinka, ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, zai iya sanin shafin da ka ziyarta, amma ba zai karanta abin da ka rubuta ba. A da alamar kwaɗo ke nuna haka a saman allo, sai Chrome, manhajar buɗe shafuka, ya canza ta a 2023, saboda mutane na ɗauka duk shafi mai kwaɗo na masu gaskiya ne. Ba haka ba ne. Ɗan damfara ma yana iya kulle nasa. Amma in wayarka ta nuna «Non sécurisé», kada ka saka lambar sirri a wurin ko kusa. WhatsApp ma irin wannan kullin gare shi: tun Afrilun 2016 saƙonninsa a rufe suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa.

Iri na biyu roƙo ne kawai, kuma tarihinsa ya sha faɗi-tashi. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da P3P a 2002 don shafi ya bayyana wa na'ura abin da zai yi da bayanan mutane. Bai karɓu ba. Daga baya aka zo da DNT, wanda Firefox ya saka a 2011: wayarka za ta gaya wa kowane shafi cewa mai ita ba ya so a bi sawunsa. Kamfanoni suka yi kunnen uwar shegu, tun da ba wanda zai hukunta su, har W3C ta rufe kwamitin aikin a 2019. Ga darasin: a 2020 aka dawo da kusan wannan roƙo da sunan GPC, amma wannan karon dokar jihar Kalifoniya ta Amurka na bayansa. A 2022 kamfanin kayan kwalliya Sephora ya biya dala miliyan 1.2, kuma ƙin sauraron wannan saƙo na cikin laifuffukansa. Roƙon bai canza ba, bulala ce ta ƙaru. Manhajojin Firefox, Brave da DuckDuckGo duk suna iya aika shi.

Mu ma ba a bar mu haka ba. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum a watan Mayun 2017, ta sabunta ta a Disambar 2022, kuma akwai hukumar HAPDP a Yamai da aka ɗora wa aikin. Ɗan ƙasa na da haƙƙin ya san abin da aka tara a kansa, ya kuma nemi a gyara kuskure. A ganina ƙarancin sani ya fi ƙarancin doka yi mana illa, don haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, ba ya nema.

To, amma duk ƙa'idojin nan suna tsayawa ne a bakin rumfar mai cajin waya. Mutum zai miƙa salularsa ba makulli, a liƙa mata 'yar takarda mai lamba, ya tafi cin kasuwa har la'asar. Wani kuma yaron shago ne ya buɗe masa Facebook, shi ya zaɓi lambar sirrin, yana kuma riƙe da ita har gobe. Wani an ɗora masa GB WhatsApp don yana da ado, alhali ba na kamfanin ba ne, ba kuma mai lamunin abin da ke cikinsa. Shawara ita ce: wanda aka buɗe wa shafi ya canza lambar da hannunsa a ranar. Ya kulle allon wayarsa kafin ya ba da caji. Ya kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, lambobi 6 ne kacal. In kuwa wani ya kira ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo maka yanzu, ko da ya rantse daga kamfani yake, kashe wayar.