Darasin Wannan Wata: Kaka da Sabon Jika

Idan mace ta fara naƙuda a ƙauye, wa ake fara kira? Kafin a kira liman, kafin a kira wanzami, kaka ake kira. Ita ce mai ɗora ruwa. Ita ce mai karɓar jariri. Ita ce mai cewa a yi kaza, a bar kaza. Haka abin yake a ƙasar Gumel, tun daga Gagarawa da Sule Tankarkar har Maigatari ta bakin iyaka.

A kwana arba'in na farko, maganar kaka ta fi ta kowa ƙarfi a ɗakin mai jego. Saboda haka kakar da ta san abin da ke da amfani da abin da ke cutarwa tana iya ceton rai biyu, wato uwa da ɗanta.

GOYON CIKI

Al'ada ce yarinya mai cikin fari ta koma gidan iyayenta idan ciki ya tsufa. Wannan shi ne goyon ciki. Al'ada ce mai kyau, domin yarinyar ba ta san komai ba tukuna, ga kuma kunyar surukai.

Tun daga nan aikin kaka yake farawa. Ta tabbata 'yarta tana zuwa awo. A wurin awo ne ake duba jini, a ba da maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro. A nan ne kuma ake yi wa mai ciki allurar da ke kare jariri daga ciwon sandarewa, wanda ma'aikatan lafiya ke kira tetanus.

Akwai abu uku da ya kamata a shirya tun kafin ranar haihuwa.

1. Kuɗin mota, a ɗaure su daban.
2. Lambar wayar direban da za a kira ko da tsakar dare.
3. Izinin mai gida. Miji yana iya tafiya cin rani. Yana iya tafiya kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya kai dare. Sai ya bar izini tun da wuri, cewa duk lokacin da naƙuda ta tashi a wuce asibiti.

Wannan na uku aikin kaka namiji ne. Shi ne zai zaunar da surukinsa ko ɗansa su gama magana. Doguwar naƙuda a gida ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari. Mata da yawa da ake kai wa asibitin Jahun neman gyara, ta wannan hanya suka gamu da lalurar. Haihuwa a asibiti ita ce mafi kwanciyar hankali. Idan kuma naƙuda ta kama mace a gida har ta wuni ko ta kwana, kada a ƙara jira. A nufi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Gumel.

RANAR HAIHUWA

A ɗauki misali da wata tsohuwa a wani ƙauye. 'Yarta ta sauka lafiya a asibitin garinsu. Tsohuwa ta miƙa hannu za ta karɓi jariri ta yi masa wanka. Sai ma'aikaciyar lafiya ta ce, "Inna, a yi haƙuri da wankan nan sai gobe. A goge shi kawai, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, a lulluɓe su."

Tsohuwa ta ce, "'Yar nan, ni na haifi tara, duk a ranar aka wanke su."

Ma'aikaciya ta ce, "Gaskiyarki, Inna. Amma jariri daga wuri mai ɗumi ya fito. Sanyi yana saurin kama shi, balle da hunturu. Jikin uwarsa shi ne bargonsa."

Tsohuwa ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "To, ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba."

Wannan tsohuwa ta yi hankali. Sanin da take da shi bai hana ta karɓar ƙari ba.

DAKASHI

Nonon farko mai kauri, mai launin rawaya, shi ake kira dakashi. A da, ana matse shi a zubar, wai ƙazanta ne. Kafin nono ya kawo sai a ba jariri ruwa ko nonon akuya. Wannan kuskure ne. Dakashi shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri. Yana kare shi daga gudawa da ciwon ƙirji. A sa jariri a nono kafin awa ɗaya ta cika da haihuwarsa.

Daga nan nonon uwa zalla za a ba shi har wata 6. Babu ruwa, babu jiƙo, babu zuma. Kaka tana iya cewa, "A wannan zafin na bazara, yaro ba zai sha ruwa ba?" Amsa ita ce, fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Idan ana zafi, uwa ta yawaita shan ruwa, ta yawaita ba shi nono. Masu son ba da rubutu suna iya ba uwa ta sha.

CIBI

Cibi ƙofa ce a jikin jariri. Ta nan cuta take shiga. Kada a sa masa toka, ko kashin shanu, ko man goge baki, ko man zafi. Kada a gasa shi da tsumma mai datti. Akwai man cibi mai suna Chlorhexidine da ake samu a asibiti. A wanke hannu da sabulu, a shafa shi kullum har kwana 7. A cibi kaɗai ake shafawa. Kada ya kusanci idon jariri. Cibi zai bushe ya faɗi da kansa, kada a ja shi.

WANKAN JEGO DA KUNUN KANWA

Kula da mai jego alheri ne babba. Kaka tana tashi tun asuba ta hura wuta, ta dafa ruwa da ganyen darbejiya ko runhu. Tana dama kunu, tana gyara ƙauri, tana hana 'yarta daka da ɗiban ruwa. Hutu da abinci mai kyau da tsabta, duk a riƙe su.

Amma akwai wurin gyara. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da wani abu. Mata da yawa suna zuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa. Ƙafafu sun kumbura, numfashi yana yi musu wuya. Likitocin suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa, da wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Kanwa tana da gishiri mai yawa. Gishiri yana tara ruwa a jiki. Zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Idan abu biyu suka haɗu, sai zuciya ta gaji.

Saboda haka a surka ruwan wanka, ya zama mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa. A bar kanwa, a dama kunun gyaɗa ko na tsamiya. A ba mai jego wake, da ƙwai, da nama, da zogale, da miyar ganye. Kada kuma a rufe ɗaki da garwashi a ciki. Hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji ba.

RANAR SUNA

Ran kwana bakwai gida yana cika. Liman ya raɗa suna, a yanka rago, a raba goro. Idan an sa wa jariri sunan kakansa, sai a riƙa kiransa Abba ko Baba. Idan mace ce mai sunan kakarta, a ce Ummi ko Inna. Wannan girmamawa ce ga tsofaffi.

Wanzami zai zo aski. A saya masa sabuwar reza. Amma cire belu da yankan angurya ba su da wani amfani ga jariri. Suna jawo zubar jini, kuma ƙarfe yana iya sa masa cuta. Uwa mai ɗan fari ba za ta iya buɗe baki a gaban manya ba, saboda alkunya. Kaka ce za ta ce, "A yi aski kawai, a bar sauran."

A tuna kuma da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Za a neme ta ranar shiga makaranta.

ALAMUN HATSARI

A garzaya asibiti da jariri idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ya ƙi kama nono.
2. Jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau.
3. Yana numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa yana lotsawa.
4. Yana sandarewa ko jijjiga.
5. Idonsa ko tafin hannunsa ya yi rawaya.
6. Cibinsa ya yi ja, yana ruwa ko wari.

Ita ma mai jego a kai ta idan jini ya ƙi tsayawa, ko tana zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburi, ko haki. Kada a tsaya cewa iska ce ko mayu. A yi addu'a a kan hanya.

KATIN RIGAKAFI

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ana yi wa jariri rigakafin farko da zarar an haife shi. Sai a koma yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Sai wata 9, lokacin allurar ƙyanda. Sai wata 15, a sake ta ƙyanda. Kyauta ake yi a asibitin gwamnati.

Tsofaffi sun ga zamanin da ƙyanda take share yaran unguwa. Sun ga yaran da shan inna ta gurgunta. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa asalin ƙwayar shan inna ta daina yawo a Afirka. Rigakafi ne ya kawo haka, kuma har yanzu ana ɗiga wa yara maganin don kada cutar ta samu ƙofa. A 2023 kuma mashaƙo ya ɓarke a Kano da Yobe da Jigawa. Yawancin yaran da ya kama ba su cika rigakafinsu ba.

Kakar da ta shiga ajin yaƙi da jahilci tana iya karanta ranar komawa a jikin kati da kanta. Idan mai jego ta koma ɗakin mijinta bayan arba'in, ko da a tsallaken iyaka ne cikin ƙasar Nijar, a sa katin a cikin kayanta.

RENON JIKA

Bayan jego, aikin kaka bai ƙare ba. Uwa za ta tafi rijiya, ko biki, ko roron wake, ko ɓarar zoɓo. Wurin kaka ake barin yaro. Yaye ma gidan kaka ake kai shi.

Daga wata 6 a fara ba yaro abinci tare da nono, har ya kai shekara 2. Kunun gero kaɗai ba ya isa. A haɗa shi da garin gyaɗa ko na waken suya. A ba shi ƙwai dafaffe da wake da aka dame. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata ba gaskiya ba ce. Rashin irin wannan abinci ne ke kawo tamowa.

Yaro mai rarrafe ba ya sanin hatsari. A rufe rijiya da randa. A raba shi da murhu da tukunyar zafi. Kada a zuba kananzir ko maganin feshi a kwalbar lemo. Magungunan kaka na hawan jini da ciwon ƙafa a rataye su sama.

Idan gudawa ta kama shi, a dama fakiti ɗaya na gishiri da sukari na asibiti a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da nono, a karɓo ƙwayar zinki. Da damina ya kwana cikin gidan sauro. Idan masu rabon maganin zazzaɓi na wata-wata sun zo, a karɓa, a ba shi daidai yadda suka ce.

WASAN KAKA DA JIKA

Reno ba abinci da magani kaɗai ba ne. Kaka mace tana kiran jikanta mai gida, ta kira jikanya kishiya. Kaka namiji yana kiran jikanya amarya. Da wannan wasa yaro yake sakin jiki. Da dare kaka tana yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Tana koya masa gaisuwa da bisimilla da sunayen dangi. Yaron da ake yi wa magana da wasa yana saurin buɗe baki, kuma karatu yana zo masa da sauƙi.

Su ma iyaye su tuna kaka ta manyanta. Kada a tara mata yara biyar a tafi a wuni. A taya ta da itace da ruwa da cefane. Wadda ta reni uwa, ta dawo tana renon ɗa, ta cancanci a rene ta ita ma.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abubuwa uku ake shiryawa kafin ranar haihuwa?
2. Mene ne dakashi? Mene ne amfaninsa?
3. Me ya sa ake cewa a bar kunun kanwa?
4. Faɗi alamun hatsari huɗu a jikin jariri.
5. Sau nawa ake kai yaro rigakafi kafin ya cika wata 15?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya nemo katin rigakafin wani yaro na gidansu. Ya karanta ranar komawa, ya rubuta ta a littafinsa. Sa'an nan ya karanta wa kakar yaron wannan darasi.