Darasin Sana'a: Yadda Ake Cire Jan Ƙarfe Daga Allon Rediyo

Duk wanda ya buɗe bayan rediyo zai ga wani ɗan allo. A jikinsa akwai siraran layuka na jan ƙarfe. Ta waɗannan layuka wuta ke bi daga wani kaya zuwa wani, a maimakon wayoyi. Wani mutumin Ostiriya mai suna Paul Eisler ne ya fara sa irin wannan allo a rediyo, a Ingila, a 1936.

Mai gyaran rediyo zai iya haɗa nasa allon a gida. Sabon allo yana zuwa ne da jan ƙarfe shafe a fuska ɗaya. Aikin shi ne a cire wanda ba a so, a bar layukan kawai.

Kayan aiki: allo, maka mara gogewa, soson ƙarfe, roba mai faɗi, safar hannu ta roba, da sinadarin ferik kuloraid.

Ga yadda ake yi:

1. A goge fuskar jan ƙarfen da soso har ta yi sheƙi. Kada a taɓa ta da yatsa, domin maiƙo yana hana tawada kamawa.

2. A zana layukan da maka. A maimaita sau biyu, a bari ya bushe. Inda tawada ta rufe, sinadari ba ya ci.

3. A zuba ruwa mai ɗumi a roba, sannan a zuba sinadarin kaɗan-kaɗan. Ruwa ake fara zubawa, domin sinadarin yana ɗaukar zafi.

4. A sa allon a ciki, a riƙa jijjiga robar a hankali. Aikin yakan ɗauki minti 15 zuwa 30.

5. Da zarar jan ƙarfen da ba a rufe ba ya ɓace, a cire allon. In ya daɗe, sinadarin zai ci ƙarƙashin layukan, su tsinke.

6. A wanke da ruwa sosai, a goge tawadar da soso. Sai a huda ramuka, a sa kaya, a liƙe da dalma.

Gargaɗi: Kada a zuba sinadarin a kwanon ƙarfe ko na alminiyam, domin yana cin su. Kada a ƙara sa abinci a robar. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15, a tafi asibiti.

Ragowar ruwan guba ne. Yana kashe kifi, yana cutar da dabbobi. Kada a zubar kusa da rijiya, rafi ko gona. A zuba shi a kwalba mai murfi, a rubuta GUBA a jiki, a ajiye inda yara ba za su kai ba. Ana iya sake aiki da shi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi:

1. Me ya sa ake zana layuka da maka?

2. Wane irin mazubi ne bai dace da wannan aiki ba?

3. Yaya za a yi da ragowar ruwan?