Hali Nagari Ɗan Itace Ne

Hausawa sun ce hali zanen dutse, watau ba mai iya shafe shi. In haka ne, wahalar banza mu ke yi, mu masu koyon aikin malanta, gama ba karatu da lissafi kaɗai aka ce mu koya wa yara ba, har da hali. To, bari mu duba abin da Kirista su ke koyarwa bisa wannan al'amari.

An buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932, Likita Miller na Zariya kuwa yana cikin manyan waɗanda suka juya shi. A ciki akwai wasiƙar da Manzo Bulus ya rubuta wa mutanen Galatiya, wata ƙasa cikin Turkiyya ta yau. A sura ta 5 ya lasafta halaye 9 na mai bi. Ya fara da ƙauna, ya ƙare da kamewa, haƙuri da tawali'u suna tsakani. Dukansu ya kira su ɗiyan da Ruhun Allah ya ke haifarwa cikin mutum, kamar yadda itace ya ke 'ya'ya.

Wannan misali yana koya mana abu uku. Na fari, ba a rataya wa itace 'ya'ya, daga saiwa su ke fitowa. Wanda ya ari ladabi don idon mutane, ran da ba kowa sai ya tuɓe shi. Na biyu, wanda ya dasa dabino ba ya zuwa da kwando washegari. Saboda haka mai bi ya kan dinga ban ruwa da addu'a da karatu da tuba, ba ya fid da zuciya don ya fāɗi jiya. Na uku, a wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura ta 5, Bulus ya nuna wahala ce ta ke haifar da jimiri. Wanda ba a taɓa ɓata masa rai ba bai san ko yana da haƙuri ba.

Mu da muka taso a makarantar allo, wannan ba baƙon zance ba ne, gama an hore mu da haƙuri tun muna wanke allo. Amma sani dabam, yi dabam. Gobe yaro zai kasa lissafin da muka bayyana masa sau biyar, bulala kuwa tana kusa da hannu. A nan za a san abin da itacenmu ya haifa. In mun fid da rai ga gyaruwar halinmu, da wane baki za mu ce wa yaro ya gyara nasa?

Allah ya sa mu fara da kanmu, amin.